Dafin Dodon Koɗin Teku: A Tatsa ko a Haɗa?

Tatsa aiki ne mai cin rai. Ana lulluɓe bakin 'yar kwalba da fatar wutsiyar kifi, a tsokani dodon koɗin teku mai dafi da ake kira Conus har ya harba, sai a sami ɗan ɗigo, a daskarar da shi nan take kafin ya lalace. Amma shi ne dafin ainihi, kuma mai son gane yadda dabbar ta sauya makaminta gwargwadon abin farautarta bai da kamarsa.

Haɗawa a ɗakin gwaji kuwa ta fi auki. Haka ake samar da ziconotide, maganin matsanancin ciwo da aka kwaikwayo daga wani sinadarin dafin, mai amino asid (tubalan ginin furotin) 25, wanda Amurka ta amince da shi a 2004. Inda gizo ke saƙar shi ne naɗewa, wato yadda sarƙar amino asid ɗin ke lanƙwashewa ta ɗauki siffarta: sistin (wani nau'in amino asid) guda shida da ke cikinta na iya ƙulluwa da juna bibbiyu ta hanyoyi 15, ɗaya tak ce irin ta dabbar.