Haɗe idon sawu ko sa gaɓar ƙarfe, ga wanda ƙashinsa ya taɓa yin ruwa

Sannu ɗan'uwa, Allah ya ƙara afuwa. Ka ce shekara biyu ke nan da ka karye a idon sawu, aka sa maka ƙarfe, wurin ya yi ruwa har sai da aka cire ƙarfen, yanzu ko taku goma ba ka yi sai da ciwo, likita ya ce a haɗe gaɓar gaba ɗaya, kai kuma ka ji ana sa gaɓa ta ƙarfe da roba mai motsi, shi ne kake tambaya wanne ya fi.

Gaɓar ƙarfen daɗin ji gare ta, gaskiya. Ana yanke ƙarshen ƙasusuwan da suka lalace a sa ƙarfe sama da ƙasa da roba a tsakani, ƙafa ta ci gaba da lanƙwasawa, tafiya ta fi kama da ta da. To amma matsalarka ba motsi ba ce kaɗai, ƙashinka ya taɓa kamuwa. Ƙwayoyin cutar da ke sa ƙashi ya yi ruwa, galibi wadda ake kira Staphylococcus aureus, in suka samu ƙarfe sai su manne masa su lulluɓe kansu da wani yauƙi da magani ba ya ratsawa sosai, su yi lamo wata da watanni sannan su farka. Shi ya sa in akwai ciwon ƙwayoyin nan a ƙashi yanzu ba a ma kawo zancen gaɓar ƙarfe, in kuma ya wuce likitoci da yawa suna ɗari-ɗari. Ga shi kuma robar tana cinyewa, matashi mai aikin ƙarfi zai iya komawa tiyata.

Haɗewa kuwa kankare ragowar guringuntsin ake yi, a manna ƙashin ƙwauri da ɗan ƙashin da ke ƙarƙashinsa, a daidaita ƙafar kamar mutum na tsaye, a matse su har su zama ƙashi ɗaya. Motsin sama da ƙasa na wannan gaɓar ya tafi ke nan har abada, ba zan ɓoye maka ba. Amma ciwon gugar ƙashi da ƙashi shi ma yawanci da shi yake tafiya.

Ƙanena an yi masa haɗewar, kuma da yake nasa ma ya yi ruwa, sau biyu aka shiga da shi. Da farko aka kwashe mataccen ƙashi aka kai gwaji, aka cusa wani siminti mai magani a gurbin, ya yi wajen mako 6 yana karɓar maganin kashe ƙwayoyin cuta. Daga baya aka haɗe da zobban ƙarfen nan na waje, irin wanda likitan Rasha Ilizarov ya ƙirƙiro a shekarun 1950, don kada a bar ƙarfe binne a cikin ƙashin. Kullum da safe sai mun goge bakin kowace waya da ta ratsa fata ɗaya bayan ɗaya, wando ba ya shiga sai da aka tsaga masa ƙafa ɗaya. Wahala ce ta watanni, wanda bai yi ruwa ba ma sai ya yi kamar wata 3 kafin ƙashi ya kama.

Kuma yakan ƙi kamawa, kamar mutum 1 cikin 10, kuma ya fi haka ga mai tarihin ciwon ƙashi ko ciwon suga ko shan taba. In kana sha don Allah ka ajiye tun yau.

Yanzu a shimfiɗaɗɗen wuri da ƙyar za ka lura da ɗingishinsa, don ƙananan gaɓoɓin ƙafar sun ɗauki wani sashe na aikin. Gangara da matakala da tsugunno ne suke ba shi wuya, gudu kuwa babu. Kuma gaɓoɓin nan da suka ɗauki nauyin su ma sukan gaji su fara ciwo bayan shekaru masu yawa.

Ni dai a halin da ka faɗa haɗewar na fi natsuwa da ita. Kafin ka sa hannu ka tambayi likitanka ko gwajin jini da na ƙashi sun nuna ciwon ya mutu, da ƙusoshin ciki zai yi ko da zobba, kuma ƙafar za ta gajarta da nawa, don shi ƙanena sai da aka ƙara wa takalminsa tudu.