Kare mai kama da kyarkeci: wanne ya dace da gidanka?

Mafi yawan masu neman kare mai fuskar kyarkeci hoto ne ya ja su: tsayayyun kunnuwa, gashi fari da toka-toka, ga idanu shuɗaye kamar ruwan rijiya. Kafin ka tura kuɗi ga mai sayarwa, ka san cewa karnukan da ke da wannan kama ba iri ɗaya ba ne, kuma kowanne da aikin da aka yi kiwonsa dominsa. Aikin nan na nan cikin jininsa, ko a gidanka ba zai bar shi ba.

Wanda ya fi tashe shi ne Siberian Husky. Mutanen Cukci na arewa maso gabashin Siberiya ne suka yi kiwonsa don jan kaya marasa nauyi a kan dusar ƙanƙara, tafiya mai nisa da ɗan abinci kaɗan. Sunansa ya fita duniya a 1925, lokacin da cutar mashaƙo ta ɓarke a garin Nom na Alaska, aka yi jigilar magani da karnuka cikin tsananin sanyi, ciki har da Togo da Balto. Namiji yakan kai kilo 20 zuwa 27, yakan rayu shekara 12 zuwa 14. Yana da son mutane da wasa da yara, to amma son nan bai ware kowa ba. Ɓarawo ya hauro katanga, sai ya tarye shi da kaɗa wutsiya. Ba ya yawan haushi, kuka yake yi mai tsawo, wanda maƙwabta za su ji da tsakar dare. Gwani ne wajen haƙa rami a gindin katanga, kuma idan ya samu ƙofa a buɗe ya fita a guje, kiran sunansa ba ya dawo da shi. In akwai kaji ko zabi ko zomaye a gidan, ka yi tunani sosai, domin duk abin da ya ruga yana binsa.

Babbar maganar ita ce zafi, kuma a nan nake so a tsaya. Gashinsa ninki biyu ne, na ciki mai laushi kamar auduga, na waje mai kauri. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa. A Sakkwato ko Maiduguri ko Zinder, inda zafin Afrilu ke wuce digiri 40, haki ba ya isa, kuma zafi na iya kashe shi cikin 'yan awoyi. Wasu sukan aske shi suna ganin taimako ne, alhali askin na buɗe fatarsa ga rana. Abin da yake bukata shi ne inuwa, ruwan sanyi koyaushe, ɗaki mai na'urar sanyaya iska da tsakar rana, sai gudu bayan asuba ko bayan isha. Ka tambayi kanka ko wutar unguwarku za ta ɗauki wannan. A Jos, wadda ke kan tudu kimanin mita 1,200, ko a tsaunin Mambila, lamarin da sauƙi. A sauran wurare, raina yakan ɓaci in ga an ɗaure shi a gindin bishiya harshe a waje.

Ɗan uwansa Alaskan Malamute ya fi shi girma, yakan kai kilo 34 zuwa 39, an yi shi ne don jan kaya masu nauyi a hankali. Idonsa ruwan ƙasa ne, don haka wanda ya nuna maka mai shuɗin ido ya ce tsantsar Malamute ne, akwai gauraye. Duk matsalar zafin Husky yana da ita har da ƙari, ga ci, ga taurin kai. Ban ga dalilin kawo shi ƙasa mai zafi ba.

Akwai kuma waɗanda da gaske jinin kyarkeci ke jikinsu. A 1955 aka fara haɗa karen makiyayan Jamus, wato German Shepherd, da kyarkecin tsaunukan Kafatiya a tsohuwar ƙasar Cekoslobakiya don tsaron kan iyaka, daga nan aka samu Czechoslovakian Wolfdog, wanda aka amince da shi a matsayin iri mai zaman kansa a ƙasar a 1982. Kyan ɗan maciji ke gare shi. Yana da ƙarfin juriya da wayo, amma yana ɗari-ɗari da baƙi, yana saurin gundura, kuma sai wanda ya goge da horar da karnuka ke iya masa. Gidan Bahaushe da baƙi ke shiga da fita, yaran maƙwabta na shigowa ba sallama, ba wurinsa ba ne.

Wanda nake ba mafi yawan mutane shawara a kansa shi ne German Shepherd, wanda muka fi sani da Alsatian. Max von Stephanitz ne ya kafa irin a Jamus a 1899 don kiwon tumaki, shi ya sa yake kallon mai shi yana jiran umarni. Namiji kilo 30 zuwa 40. Yana koyo da sauri, yana sanin 'yan gida, yana gadi da gaske, abin da Husky ba ya yi. Ga mai ajiye kare a tsakar gida ba cikin ɗaki ba, kamar yadda yawancinmu ke yi saboda addini da al'ada, ya fi dacewa, muddin ana kula shi ana fita da shi kullum. Ka zaɓi mai gajeren gashi, shi ma ka tanadar masa inuwa. Rauninsa ciwon ƙugu ne da ake gado, don haka ka ga yadda uwarsa da ubansa ke tafiya kafin ka yi ciniki.

Ko wanne ka tsayar, kada ka karɓi ɗan kwikwiyon da bai kai sati 8 ba, kuma kada ka saya ta hoto a Facebook ko WhatsApp. Je ka gan shi tare da uwarsa. Duba kunnuwa da tsakanin yatsu ko da kaska, duba dasashinsa ya zama ja-ja ba fari ba. Nemi katin riga-kafi mai hatimin likitan dabbobi: allurar farko ta cutar gudawa mai jini da ke kashe 'yan kwikwiyo ana yin ta a sati 6 zuwa 8, ta haukan kare kuma idan ya kai wata 3. In mai sayarwa ya ce uwar tana wani gari, ko katin ya ɓata, ka riƙe kuɗinka ka nemi wani.