Hattara da masu tallar maganin garkuwar jiki da takardar ɓeraye

Jama'a, akwai wasu da suka cika zaurukan WhatsApp da tallar wata ƙwaya da suka ce tana ƙarfafa garkuwar jiki. Wai an haɗa ta da saiwar ashwagandha ta Indiya da sinadaran zinc da magnesium da selenium, sannan wani gwani ya ɗora hannu bisa kwalaben ya zuba musu "kuzari". Goggona ce ta faɗa tarkonsu. Na je gaishe ta na tarar da kwalabe uku jere a kan firij, ta kwashe kuɗin adashinta kaf ta biya. Maganin hawan jininta na asibiti kuwa yana ƙarƙashin katifa, domin mutumin da ya sayar mata da ƙwayar ya ce mata, "Hajiya, kada ki haɗa su, kuzarin zai gudu."

Na kira shi na nemi shaida. Nan take ya turo min takardar bincike da Turanci, cike da jadawali, ya ce, "Yallaɓai, ai Turawa sun gwada." Na zauna na karanta. Ɓeraye aka ɗura wa abin, aka ɗebi jininsu, aka ce wasu alƙaluma sun motsa. Ba a ce ɓera ko ɗaya ya warke daga wata cuta ba, balle mutum. Waɗanda suka rubuta takardar kuma ma'aikatan kamfanin da ke sayar da ƙwayar ne. Ko magungunan gaskiya da suka tsallake gwajin dabbobi, kusan tara cikin goma kan faɗi in aka zo gwada su a jikin mutane.

Fitowa a mujalla ma kada ta ruɗe ku, akwai waɗanda kuɗinka kawai suke jira. A 2013 wani ɗan jarida, John Bohannon, ya ƙirƙiri binciken bogi da gangan ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka amince za su buga.

Shi kuwa kuzarin, wata yarinya 'yar shekara tara a Amurka, Emily Rosa, ta daɗe da tona asirinsa. Ta kafa allon kwali mai ramuka biyu, mai iƙirarin jin kuzarin jikin mutum ya zura hannayensa ta ciki ba ya ganinta. Sai ta jefa kwabo, ta ɗaga hannunta sama da hannunsa na dama ko na hagu, ta ce ya faɗi wanne. Mutum 21 ta gwada, sau 280, suka dace kashi 44 cikin ɗari. Da canki-canka suka yi da sun fi haka. An buga sakamakon a mujallar likitoci ta JAMA a 1998.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne abin da ke cikin kwalbar, don shi ba tatsuniya ba ne. Zinc in ya wuce miligiram 40 a rana aka daɗe ana sha, yana hana jiki tsotsar sinadarin copper, garkuwar da ake son ginawa ita ce ke raunana. Selenium in ya yi yawa, gashi ya zube, farce ya lalace. A 2008 mutum 201 suka sha guba a Amurka daga wani ƙarin abinci da selenium ɗinsa ya ninka abin da aka rubuta kusan sau 200. Ashwagandha kuma Denmak ta hana sayar da ita a 2023. Kwalaben Goggo ko nauyin sinadaran ba a rubuta ba.

Lambar NAFDAC ma babu. Kuma ko da akwai, lambar maganin gargajiya mai ƙarewa da harafin L ba ta nufin hukumar ta tabbatar yana warkarwa, an dai duba lafiyar shansa ne. Masu ciwon suga, da masu shan maganin cuta mai karya garkuwar jiki, ku ne suka fi farauta. Duk wanda ya ce ku ajiye maganin asibiti, ku kashe wayar.

Na kai Goggo aka auna jininta, ya hau sosai, ta koma kan maganinta. Da na sake kiran mutumin kan maganar kuɗi sai ya toshe ni. Shekaranjiya na ga hoton kwalbar nan a wani zauren, da sabuwar lamba, yanzu wai maganin haihuwa ce.