An yanke wa mai gogena ƙafafu

Sati uku na yi ina jiran hoton nan, kuma har yanzu raina bai gama hucewa ba. Hoton bango na yi oda a intanet, zanen Marc Chagall na mai goge mai koriyar fuska, wanda ya yi a Faris tsakanin 1923 da 1924. Na asalin yana gidan adana zane-zane na Guggenheim a birnin New York. Gogen na Turawa ne, mai tsirkiya huɗu, amma tun ranar da na fara ganin zanen marigayi kawuna yake faɗo mini a rai, mutumin da in ya ji kukan goge sai ya ajiye duk abin da ke hannunsa. Chagall ma a Vitebsk, wani gari a ƙasar Belarus ta yanzu, ya taso, cikin Yahudawan da mai goge ba ya rasa bikinsu ko makokinsu, shi ya sa ya zana mutumin nan ƙato, da doguwar riga shunayya, yana taka rufin gidaje kamar garin duka nasa ne.

To, rufin nan shi ne babu a nawa.

Ban ma lura ba da farko, don murna. Sai da na kai wa mai firem a unguwarmu, ya shimfiɗa shi a tebur, ya ce, "Yallaɓai, haka mutumin yake, ba ƙafafu?" Na duba da kyau, gabana ya faɗi. Daga ƙauri zuwa ƙasa an datse. Takalman nan da ba launinsu ɗaya ba, da gidajen da yake takawa, duk sun tafi. A sama ma ɗan mutumin da ke shawagi cikin gajimare an fille shi. Dalilin a fili yake: zanen dogo ne siriri, tsawonsa santimita 198, faɗinsa bai kai 110 ba, masu sayarwar kuma a takarda mai girman A2 suke bugawa. Maimakon su bar farin gefe dama da hagu, sai suka hura hoton ya cika takarda, abin da ya yi saura suka yar. Alhali a shafinsu cikakken zanen suka nuna.

Gaskiya dai ba zan zalunce su ba, bugun ya yi kyau. Takardar mai kauri ce, ba ta ƙyalli, koren fuskar ya fito sosai, shunayyar rigar ba ta koma shuɗi ba kamar yadda na saba gani a bugun araha. An naɗo shi cikin kwali mai ƙarfi, ko lanƙwasa ɗaya babu. Har na fara cewa a raina, bari in haƙura in rataye shi haka, tunda fuskar da gogen suna nan. Kwana biyu ya yi a jingine a falo ina ƙoƙarin sabawa da shi.

Na kasa. Chagall ya taɓa zana wannan mai gogen a 1920 a bangon gidan wasan kwaikwayo na Yahudawa a Mosko, ya sake maimaita shi bayan ya bar ƙasar, don kewar garinsu. Garin kuwa a ƙarƙashin ƙafafun yake. Abin da aka aiko mini wani mutum ne riƙe da goge, ba a san inda ya tsaya ba.

Na tura musu hotuna, na nemi a sake bugawa da farin gefe. Bayan kwana huɗu suka amsa cewa girman da na zaɓa ke nan, in ina son wani in sake biya, har da kuɗin kawowa. Wannan amsar ta fi yankan ɓata mini rai. Kuɗin firem na riga na bayar rabi, hoton kuma na mayar da shi cikin kwalinsa, yana bayan durowa.