Wata bakwai da motar da dila ya ce wai tana tuƙa kanta

Tun ranar da ƙanena ya ɗauki bidiyon sitiyarin motata yana juyawa da kanshi ya watsa a WhatsApp ban sake hutawa ba. Wannan ya kira, wancan ya tsare ni a ƙofar masallaci bayan isha'i, wai da gaske motarka tuƙa kanta take? Har wani abokin aikinmu ya ce in ara mashi ita zai je Kano, yana so ya rama barci a hanya. To bari in yi bayani sau ɗaya kowa ya huta. Wata bakwai ke nan ina hawanta, na yi yawo da ita cikin Katsina, Daura kam ba adadi tunda can surukaina suke, Kano sau uku, ta sha damina ta sha hazo.

Sunan kamfanin ba zan faɗa ba, ba su biya ni kuɗin talla ba kuma ba na son a ce na ɓata ma wani kasuwa. 'Yar Japan ce dai, ƙirar 2020, ta hannu, daga Amurka ta fito ta biyo ta Kwatano kamar sauran 'yan uwanta. Dilan da ya haɗa cinikin mutumin kirki ne amma fa bakin dila gare shi. "Alhaji wagga ai direba ce da kanta, kai dai ka zauna ka miƙe ƙafa." Da wannan kalmar ya ɗora mani kuɗi a kan wata irinta da ke gefe wadda ba ta da na'urorin, ni kuma kunnena ya yi daɗi na biya.

Abin da ke jikinta ido biyu ne. Akwai kyamara a bayan gilashin gaba, saman madubin nan na tsakiya, ita ke kallon fentin titi da surar abin da ke gaba. Sai rada a bayan tambarin kamfani da ke hancin motar, ita ke auna tazarar da ke tsakaninka da motar gabanka da gudun da take. In ka saita mata gudu, a ce 90, za ta riƙe totur da kanta, na gabanka ya rage ta rage, ya ƙara ta ƙara, sitiyarin kuma tana ɗan murza shi don ta tsaya tsakiyar layi. In ta ga za a yi karo kuma ba ka taka birki ba ta taka maka. Iyakarta ke nan. Ba ta san hanyar Daura ba, ba ta san shataletale ba, in ka sake sitiyari na 'yan daƙiƙu ma ihu za ta fara maka.

Ranar farko da na kunna abin a hanyar Daura, a wani yanki da kwalta ke da kyau kuma fenti ya fito fes, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Kwana ta zo, hannuna na kan sitiyari sakwa-sakwa, na ji yana juyawa a tafin hannuna kamar wani ya kama daga ƙasa. Hajiyarmu na baya, ta leƙo ta ga ƙafata ba ta kan komai, ta ce "Kai ɗan nan, mi nake gani haka? Riƙe abin nan da kyau, ni ban shiga motar aljanu." Na ce Hajiya na'ura ce, ta ce to na'urar ce za ta amsa tambaya in ka kashe ɗan mutane? Na yi dariya a lokacin, amma daga baya da na zauna na karanta littafin motar, abin da kamfanin ya rubuta ke nan da dogon Turanci: duk abin da ya faru, alhakin na kan direba.

Daɗin bai wuce minti goma ba. Muka iso inda yashi ya cinye gefen titi, fenti ya goge, sai layukan nan biyu da ke haske a dashbod suka dushe, ta sakar mani sitiyari da ɗan ƙara guda tit, wanda in rediyo na kunne ba lallai ka ji ba. Nan ne haɗarin abin yake a ganina, don ta riga ta sangarta ka, hankalinka ya fara tafiya wani wuri, sai ta ce ga kayanka.

Sai maganar rami. Mu nan ai tuƙi kaucen rami ne, kana hango shi ka leƙa gaba, ba mota, ka ɗan shiga hannun wancan ka dawo. Ita kuma an koya mata tsakiyar layi shi ne lafiya, ramin kuwa sau da yawa a tsakiyar yake zaune, kuma ba ta ganin shi sam. Kana ƙoƙarin kaucewa tana jawo ka tana ƙara, a zatonta gyangyaɗi kake, sai fa in ka sa sigina sannan ta ƙyale ka. To wa ke sa ma rami sigina? Sau ɗaya na biye mata don in ga iya hankalinta, ta kai ni cikin wani wagegen rami sai da na ji shi a haƙorina, daga ranar na daina gwaji da tayata.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne ranar kasuwa a Mashi. Motar nan tarbiyyar Turawa gare ta, tana barin tazara tsakaninta da na gaba, tazarar da ko ka rage ta zuwa mafi ƙanƙanta sai napep ta shige da sauran wuri. A wajenmu kuwa fili a titi gayyata ce. Mai napep ya faɗa, ta taka birki ta sake ba shi tazara, ɗan kabu-kabu ɗauke da buhu biyu ya faɗa, ta sake ja baya, mai amalanke ma ya ga dama ta samu. Na baya sai oda suke mani, wani direban Golf ya zuro kai ya ce "Malam in koyo kake ka tafi fili mana!" Cikin gari ma haka, daga Ƙofar Ƙaura zuwa babbar kasuwa ban ma kunna shi, ɓata lokaci ne.

Kuma a nan na gane wani abu da ban taɓa lura da shi ba duk shekarun da na yi ina tuƙi, ashe rabin tuƙinmu hira ce. Ka haɗa ido da mai babur ka san zai shigo, na gabanka ya fito da hannu ta taga ya kaɗa ka san wuce yake nufi, mai tahowa ya ƙyafta maka fitila ka san akwai abu a gaba, dattijo ya ɗaga sanda ka tsaya shanu su ƙetare. Wata rana da dare wajen Kankiya muna dawowa daga Kano na fara ganin ganye a zube kan titi, reshe bayan reshe, duk ɗan ƙasar nan ya san ma'anar, babbar mota ta mutu a gaba. Na rage gudu, ai kuwa ga tirela tsaye a duhu ba fitila ko ɗaya. Motar ba ta san yaren ganye ba, kuma littafinta da kanshi ya yi gargaɗi cewa in kana gudu sosai ba lallai ta gane abin da ke tsaye cik a kan hanya ba.

Amma kar in ci amanarta, akwai ranar da ta biya kuɗinta har da riba. Da yamma ne wajen Ƙofar Marusa, ina tafiya a hankali, idona ya ɗan koma madubi don wani mai babur da ke manne da ni, yaro ɗan kamar shekara shida ya fito da gudu daga bayan wata mota da aka faka, yana bin taya. Kafin ƙafata ta bar totur motar ta yi ƙara ta dafe birki, bel ya shaƙe ni, muka tsaya, tsakanin bamba da yaron bai kai taku biyu ba. Ya ɗauki tayarshi ya ruga, bai ma san mi ya faru ba. Ni kuwa sai da na gangara gefe na yi minti biyar ina salati, gwiwata na rawa. Allah ne ya tsare, amma birkin nan shi ne sila. Ba banza ba Tarayyar Turai ta wajabta irin shi a duk sabuwar motar da za a sayar tun daga Yulin 2024, kuma wata cibiyar kamfanonin inshora ta Amurka, IIHS, ta gano yana rage karon da ake yi ma mota ta baya da kusan rabi. Fitilarta mai sauke haske da kanta in ta hango mota na tahowa ita ma ina yaba mata, da duk masu manyan motoci na da irin wannan ladabin da idanunmu sun huta.

Da hunturu ya kama kuwa rigima sabuwa. Ƙura ta lulluɓe tambarin gaba ko hazo ya yi kauri, sai saƙo ya fito wai na'ura ba ta aiki a goge. Yanzu tsumma na musamman gare ni a aljihun ƙofa.

Masu cewa ai sun gani a bidiyo mota na yawo ba kowa a kujerar direba, gaskiya ne akwai, amma ba irin tawa ba ce. Injiniyoyi sun kasa abin hawa-hawa daga 0 zuwa 5, tawa tana hawa na 2, har Autopilot ɗin motocin Tesla da ake ta zuzutawa shi ma a hawa na 2 yake, dole mutum ya sa ido. Masu yawo ba direba su ne na hawa na 4, irin na kamfanin Waymo na Amurka, wanda Google ya fara aikin tun 2009 amma sai Oktoban 2020 suka buɗe ma jama'a haya ba direba a birnin Phoenix, daga baya San Francisco da Los Angeles. A Sin ma akwai na Baidu a birnin Wuhan. Su kuma ban da kyamara da rada suna da wata na'ura a rufi mai auna kewaye da hasken leza, an zana taswirar kowane titi dalla-dalla kafin a sake su, ba su fita iyakar da aka shata masu, kuma akwai mutane zaune a ofis da ke taimaka masu in sun rikice. Duk da haka an sha wuya. A Maris ɗin 2018 motar gwaji ta Uber ta kashe wata mata a Tempe da ke jihar Arizona, tana tura keke za ta ƙetare titi da dare, bincike ya nuna na'urar ta hango ta kusan daƙiƙa 6 kafin karon amma ta yi ta canza shawara, mota ce, keke ne, wani abu ne daban, wadda aka zaunar a kujerar direba don ta sa ido kuma hankalinta na kan waya. To mace ɗaya da keke ke nan. Ina ga mai babur da ya ɗauko ƙyauren ƙofa a kwance, ko rago biyu da matarshi a baya? Kamfanin General Motors ma bayan motar Cruise ɗinsu ta ja wata mata a ƙasa a San Francisco a Oktoban 2023, ƙarshen 2024 suka ce sun daina zuba kuɗi a harkar tasi maras direba.

Don haka wani direban tasha da ya tambaye ni a Daura, rabi wasa rabi gaske, "Alhaji wato mu kun gama da mu ke nan?", na ce mashi ya kwantar da hankalinshi, ranar da aka gama fenta hanyar Jibiya aka kuma hana awaki hawa titi sai mu sake zama. Wanda na ga abin ya riga ya taɓa ba direba ba ne, bakanike ne. Dutse ya fasa mani gilashin gaba a hanyar Kano, aka canza, daga nan mota ta fara jan hagu in na kunna na'urar. Na kai wurin bakanikenmu, dattijo ne da ya fi shekara talatin yana kwance inji, da kunne yake gane ciwon mota, ya zagaya ta ya duba alaimen ya duba taya, ya goge hannu ya ce "Alhaji wanga ba aikin sifana ba ne, ka nemi yaran nan masu kwamfuta." Ashe in an taɓa gilashi ko bamba sai an sake saita kyamara da rada da na'ura ta musamman, sai da na kai ta Kano wani yaro da bai kai ƙanena ba ya jona kwamfuta, ya kafa wani allo a gaban motar, ya karɓi kuɗin da har yanzu in na tuna sai na yi tsaki. Na tuna yadda injin niƙa ya shigo unguwarmu muna yara, matan da ke dakau suka rasa ciniki, mai inji ya samu, haka zuwan POS ya rage layin banki ya buɗa ma samari sana'a a kowace kwana. Duk sanda na wuce Jami'ar Sufuri ta Tarayya da ke Daura sai in ce Allah ya sa irin wannan aikin na cikin abin da ake koya masu, don motocin na shigowa kullum masu gyaran ne babu.

Mai niyyar saye, ga shawarata. Yawancin motocin Amurka da ake kawo mana masu haɗari ne da aka yi gwanjon su aka gyara, kuma gaba ne ya fi bugewa, daidai inda radar take. Kar ka yarda da kyan fenti, ka sa a jona kwamfuta a gabanka, ka hau titi mai layi ka gwada da kanka, ka duba ko an liƙe wata fitilar gargaɗi a dashbod. In dila ya ce tana tuƙa kanta ka ce ya zauna a baya kai ka tsaya a waje ku gani. Birkin gaggawa na ba shi tara cikin goma, ko don yaron nan. Mai riƙe gudu shida, yana hutar da ƙafa a doguwar hanya in ba cunkoso. Mai riƙe layi kuwa uku, shi ma don ya burge surukaina ne ranar suna, yanzu a kashe yake, kuma abokin aikin nan namu mai son barci a hanyar Kano na ce mashi ya je tashar motocin gwamnatin jiha ta KTSTA ya yanki tikiti.