Yaya ga labarin ƙwan LED ɗin da ka ce in turo maka daga Jamus

Salam Yaya, ya gida ya iyali, ya gareji? Ka ce in nemo maka ƙwan fitilar mota na LED irin na Turawa tunda kwastomominka sun dame ka da shi, to bari ka fara jin abun da ya same ni kafin mu yi maganar saye.

Shekarar da na sayi tsohuwar Golf ɗina a nan Hambog, sai na ga fitilar kamar aci-bal-bal, ja-ja haka, na ce ai mu mun saba da fari tas irin wanda ake sa wa a Ƙofar Ruwa. Na yi odar mai araha ta intanet na cire tsohon ƙwan, mai lamba H7, na saka LED ɗin, da daddare kam sai ka ce rana, ina ta jin daɗi ina ganin na yi gwaninta, duk motar da muka yi gaba da gaba sai ta watsa min ful, ni kuwa ina cewa hassada ce. Ranar gwajin mota, wanda kowa yake ce wa TÜV, duk shekara 2 dole ka kai, mutumin ya turo wata na'ura mai taya gaban fitilar ya leƙa, ya kira ni ya ce zo ka gani. Wallahi maimakon hasken ya yanke a layi ɗaya sai ya watsu sama da ƙasa kamar an zubar da fura. Ya ce a cire. Na biya kuɗin dawowa, na mayar da tsohon ƙwaina ina jin kunya.

Shi ne ogan garejinmu ya min bayani, wai madubin da ke cikin fitilar an ƙera shi ne daidai da wurin da ɗan zaren tsohon ƙwan yake, in ka sa LED da hasken nasa ya goce ko da kaɗan ne to idon mai zuwa zai tafi ba kwalta ba. Sai a ƙarshen 2020 ma Jamus ta fara yarda da irin wannan canjin, kamfanin Osram suka fara samun izini sannan Philips a 2021, kuma ba kowace mota ba, akwai jerin motocin da aka gwada, in taka babu a ciki ka haƙura, in tana ciki takardar izinin tana cikin mota kullum. Kuɗi kuwa lokacin da ya fito guda biyu sun haura yuro 100, alhali tsohon ƙwan ko yuro 10 bai kai ba. Ka lissafa da naira ka faɗa min wane mai Golf ɗin haya ne zai biya.

Amma fa abun yana da kyau ba ƙarya, tsohon H7 wat 55 yake ci, wannan bai kai rabinsa ba, ga daɗewa. Wasu motocin dai sai dashbod ya riƙa nuna maka ƙwai ya mutu saboda wutar da yake ja ta yi kaɗan, sai an haɗa da ɗan adafta. Kuma da yake gilashin ba ya zafi, ƙanƙara ba ta narkewa a kai lokacin sanyi, ku dai wannan ba matsalarku ba ce, taku ƙurar hunturu ce da ke toshe 'yar fankar bayan ƙwan.

Abun da ya fi burge ni ma ba ƙwan ba ne, duk watan Oktoba gareji da yawa suna duba wa mutane saitin fitila kyauta su manna maka sitika a gilas, tun 1956 suke yi. Na tuna hanyar Kano zuwa Zariya da dare, tirela ta ɗaure sandar LED a goshi, ka ce masa dim ya ƙara maka.

Inda na ga LED ya yi rana sosai a ruwa ne. Ran Asabar nakan bi wani abokin aikinmu zuwa garin Wedel, bakin kogin Elbe, muna gyaran wayarin ƙananan jiragen ruwa. Ja a hagu, kore a dama, fari a baya, da haka wanda ke nesa zai san ina ka dosa. Wanda ya kwana a ruwa da ƙwai mai wat 10 kafin asuba ya sha batir sosai, LED wat 1 ko 2 ya ishe shi. Sai dai su ma ba a cusa farin LED a bayan koren gilashi, launin yakan koma kamar shuɗi, fitilar gaba ɗaya ake canzawa a sa mai hatimin izini, mai arahar kuma wani lokaci har rediyon jirgin yake sa wa shuuu.

Kawu na Yawuri ya faɗo min a rai, da cocilarsa a baki yana tuƙin jirgin ruwansa. Na san an hana tafiyar dare amma ai masunta asuba suke fita. Na saya masa saitin ja da kore da fari mai bolt 12 wanda ruwa ba ya shiga, batirin babur zai riƙe shi, dan Allah kai za ka je ka ɗaura masa da hannunka, kar ka bari yaran nan su juya ja da koren.

Naka kuma zan turo LED masu lamba H7 biyu da H4 biyu na kirki ka gwada. Ka samu bango mai kyau a gareji, ka ja mota baya kamar taku goma, ka yi alama da alli inda tsohon hasken ya yanke kafin ka cire, in sabon ya haura alamar ka sauke shi ko da mai motar zai yi fushi. Kayan suna wurin wanda zai taho ƙarshen wata, akwai man zafin Inna a ciki. A gaida Anti da yara.