Faifan "Mannenberg" na Abdullah Ibrahim: ra'ayina bayan na saya na saurara

Tsohon faifan garmaho na saya, wanda ya riga ya wuce ta hannun mutane, kuma tun farko zan faɗa cewa kuɗina bai tafi a banza ba. Kiɗa biyu ne kacal a kansa. Fuska ɗaya "Mannenberg", mai tsawon minti 13 da wani abu, ɗaya fuskar kuma "The Pilgrim". Saboda na farkon na neme shi.

An ɗauki kiɗan a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu a watan Yunin 1974, mulkin wariyar launin fata yana tsaka da ganiyarsa. Sunan da ke jikin bangon faifan Dollar Brand ne, sunan da duniya ta san mai fiyanon da shi kafin ya musulunta a 1968 ya koma Abdullah Ibrahim. Ya riga ya yi suna a waje, domin Duke Ellington, babban makaɗin jazz na Amurka, ya ji shi a Zurich a 1963 ya kuma ɗauke shi da hannu biyu. Amma a wannan faifan bai kwaikwayi Amurkawa ba ko kaɗan. Ya koma ga marabi, kiɗan talakawan unguwannin baƙar fata, wanda ake yi da 'yan sautuka ƙalilan ana ta juya su, ya gauraya shi da kalar waƙoƙin majami'ar da ya taso yana ji.

Wanda ya saba da jazz mai gudu da yawan ado zai iya cewa ai abu ɗaya ake ta maimaitawa. Gaskiya ne, kuma nan daɗin yake. Fiyanon ya kafa 'yar gajeriyar jimla, ganga tana binsa a hankali ba ta tsere masa, sai Basil Coetzee ya shigo da saksofon ɗinsa. Busar mutumin nan ita ce ran faifan. Ba ya gaggawa, yana jan sauti har sai ka ji kamar dattijo ne ke ba ka labarin gidan da aka rushe masa, bai ɗaga murya ba amma idonsa ya cika. Robbie Jansen da Morris Goldberg suna masa amshi da nasu. Fiyanon kansa tsoho ne mai amon ƙarfe-ƙarfe, ba irin na manyan zaurukan kiɗa ba, kuma da an yi da sabo da an ɓata abin.

Sunan kiɗan daga Manenberg yake, unguwar da gwamnati ta gina a filin rairayi a bayan Cape Town ta zuba mutanen da ta kora daga cikin gari. A 1966 aka ayyana District Six, wata unguwa a cikin Cape Town, a matsayin wurin farar fata zalla, aka tashi mutum sama da 60,000. Coetzee ɗan District Six ne, har daga baya aka riƙa kiransa Basil "Manenberg" Coetzee. Tun da na san wannan, busarsa ta sauya a kunnena.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda jama'a suka karɓe shi. Babu baiti a ciki, sai 'yar magana da harshen Afirkans dab da ƙarshe. Rashid Vally, wanda ya ɗauki nauyin aikin, a lokacin yana da shagon faifai a Johannesburg, kuma daga lasifikar ƙofar shagon mutane suka fara jinsa suna tambaya. Ya yi kasuwa irin wadda faifan jazz bai saba yi ba a ƙasar. A shekarun 1980, lokacin da Ibrahim yake gudun hijira a New York, Coetzee da Jansen ne suka riƙa busa shi a tarukan masu adawa da wariya, har ya zama tamkar taken gwagwarmayar. Hukuma tana iya haramta kalmomin waƙa. To me za ta haramta a nan? Kowa a wurin taro ya san abin da kiɗan yake nufi ba tare da an furta ba.

Akwai masu cewa jimlar fiyanon ta yi kama da wani tsohon kiɗan Zacks Nkosi, wani makaɗin Afirka ta Kudu. Ni ban ga abin kunya ba, marabi gadon kowa ne.

Inda faifan ya gaza mini: kwafin da na samu yana ƙaraf-ƙaraf a farkon fuska ta biyu, kuma mai sayarwar bai faɗa mini ba. Abin ya yi mini zafi, domin "The Pilgrim" kiɗa ne mai natsuwa, na mutumin da ya riga ya sauke farali a Makka, ƙaramar hayaniya ma tana taɓa shi. Idan tsohon faifai za ka saya, ka sa a juya maka fuska biyun kafin ka biya. Wanda ba shi da garmaho zai same shi a intanet, a wasu wuraren da sunan "Cape Town Fringe", sunan da aka fitar da shi a Amurka. Sai dai don Allah kada ka ji shi ta lasifikar waya, gaba ɗaya sautin ƙasa ɓacewa yake yi.